Don Wane Kare Muke Karatu?

 Mun sani sarai cewa da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla, da zarar sun ga kalmar kare a kan magana, sai su yamutsa fuska su buɗe shafi na gaba. Muna roƙon su da su ɗan yi haƙuri da mu. Lalle maganar kare za mu yi, amma duk wanda ya bi mu har ƙarshe zai ga ta shafi nonon da yake dama fura da shi, ta shafi shanun da aka sayar aka biya masa kuɗin makaranta, ta kuma shafi tambayar da ta wajaba kowane ɗan jami'a ya yi wa kansa kafin ya miƙa hannu ya karɓi takardar digiri, watau wa zai ci moriyar ilmin da aka ɗora masa.

A dogon hutun da ya wuce, wasu daga cikinmu masu karatun likitancin dabbobi mun je Fakku ɗaurin auren wani abokin karatunmu. Ga wanda bai san wurin ba, Fakku gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato, yankin da ya yi iyaka da Jihar Kebbi da ta Zamfara, wanda kuma yake tarayya da Tambuwal wajen wakili ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙasa ce ta noma da kiwo da farauta. Bayan an shafa fatiha an watse, sai wani dattijo maharbi, wanda ya ji an ce akwai likitocin dabbobi cikin baƙi, ya iske mu a zaure. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa, sa'an nan ya ce, "Samari, ku da kunka yi karatun dabbobi, ku taho ku duba min karyag ga, ku gaya min mi yas same ta." Muka ce, "To, Baba, mu je mu gani."

Muka iske ta kwance a gindin rumbu, ciki ya kumbura, ido ya faɗa, wani ruwa mai kauri mai wari yana fita daga hanyar haihuwarta. Dattijon ya ce kwana biyar ke nan ba ta sa komai a baki ba sai ruwa, wanda take sha kamar ba za ta daina ba, kuma wata ɗaya da rabi ke nan da wucewar lokacin barbararta. Ya ce rani bakwai suna fita daji tare, zomon da ta kamo ya sha zama cefanen gidansa, kuma da dare ita ce ke fara sanar da su in baƙuwar ƙafa ta doso gari. Tun kafin ya rufe baki mun gane ciwon, domin yana cikin littafi, kuma mun san maganinsa, watau tiyata a wannan rana. Amma ba mu da wuƙar fiɗa, ba mu da allurar sa barci, kuma wurin da muka san ana yin wannan aiki yana birnin Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 100, ga shi babu direban da zai yarda a sa masa karya mai wari a motar fasinja. Muka yi ɗan abin da za mu iya, muka ba shi haƙuri. Bayan kwana uku aka aiko mana cewa ta mutu.

Abin da ya fi damun mu a kan hanyar dawowa shi ne tunawa da yadda muka shafe dare kafin jarrabawa muna haddace yadda ake auna hoton ƙashin ƙugun karen Jamus, wanda ake kira Alseshan, har mun riƙe cewa kusurwar da ake nema a lafiyayyen ƙugu digiri 105 ce ko fiye. Wannan ilmi ne na gaskiya, ba mu raina shi ba. Amma a gindin rumbun nan na Fakku bai tsinana mana komai ba. Daga nan ne tambayar da muka sa a kan wannan rubutu ta taso.

Bari mu fara bayyana ciwon da ya kashe karyar, wanda za mu kira mugunyar mahaifa. Duk sa'ad da karya ta gama lokacin barbara, ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, jikinta yakan saki wani sinadari na renon ciki har kusan wata biyu. Wannan sinadari yana kaurara bangon mahaifa, yana rufe bakinta, yana kuma rage mata ƙarfin yaƙi da cuta. In ƙwayoyin bakteriya suka samu shiga a lokacin da bakin yake buɗe, galibi ƙwayar hanji da masana ke kira E. coli, sai su samu wuri mai ɗumi a rufe su yi ta hayayyafa, mahaifa ta cika da mugunya. In bakin mahaifa ya ɗan buɗe, mugunyar takan fito a gani. In kuwa a rufe yake, abin ya fi haɗari, domin dafin ƙwayoyin yakan shiga jini ya taɓa ƙoda, wanda shi ya sa dabbar ke yawan shan ruwa da fitsari, wani lokaci ma mahaifar ta fashe a ciki. Ciwon ya fi kama karyar da ta fara manyanta, kuma allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke saya su yi wa karnuka tana ƙara jawo shi. A ƙasar Suwidin, inda ba a cika cire wa karnuka mahaifa ba, bincike ya nuna cewa tsakanin ɗaya cikin biyar da ɗaya cikin huɗu na karnuka mata sukan kamu da shi kafin su cika shekara 10. Magani mafi tabbas shi ne a cire mahaifar da ma'ajiyar ƙwai gaba ɗaya, a haɗa da ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Aiki ne da duk likitan dabbobi da ya ƙware zai gama cikin kimanin sa'a guda, in yana da tebur mai tsabta da kayan aiki da aka dafa.

Mugunyar mahaifa dai takan tsaya a kan dabba ɗaya. Akwai kuwa wata cutar hanyar haihuwa wadda ba ta tsayawa, kuma ita ce ta sa muka ce maganar ta shafi kowa. Makiyayanmu sun daɗe da saninta a jikin shanu da sunan bakkale, suna gane ta da kumburin gwiwa da ɓari. Masana suna kiran ƙwayarta Burusela, daga sunan David Bruce, likitan sojan Ingila wanda ya gano ta a tsibirin Malta a 1887 a jikin sojojin da wani zazzaɓi ya kashe. A 1897 Bernhard Bang na ƙasar Danmak ya gano 'yar'uwarta mai sa shanu ɓari. A 1905 wani likita ɗan Malta mai suna Themistocles Zammit ya nuna cewa ta madarar awaki zazzaɓin ke shiga mutane, kuma da aka hana sojoji shan ɗanyar madarar sai ciwon ya ragu ƙwarai. Sa'an nan a 1966 Leland Carmichael na Jami'ar Cornell a Amurka ya gano wani nau'i wanda ya keɓanta da karnuka. Wannan nau'i yakan sa karya ta yi ɓari bayan cikinta ya wuce kwana 45, alhali kuwa cikin kare kwana 63 ne, yakan kumbura wa namiji maraina ya hana shi haihuwa, yana yaɗuwa ta barbara da ta ruwan ɓari, ba shi da allurar rigakafi, kuma yana da wuyar warkewa ko da an daɗe ana magani.

To, ina kare ya shigo cikin maganar shanu? Duk wanda ya taɓa kwana a ruga ya san amsar. In saniya ko akuya ta yi ɓari, ɗan tayin da mabiyiya akan jefar da su bayan garke, kuma a jikinsu ne ƙwayoyin suka fi yawa. Kare ne farkon zuwa. Ya ci ya kamu da nau'in shanu ko na awaki, ya ja ragowar ya kai ta makiyaya ko bakin mashaya, wasu shanun su sansana su lasa, ciwo ya ci gaba. Makiyayin da ya sa hannu tsirara ya jawo ɗan maraƙi, da matarsa mai tatsa, da mahaucin da ya feɗe saniyar a kwata, da ɗan birnin da ya sha madarar da ba a tafasa ba, duk suna kan hanya. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A jikin mutum ciwon yakan zo da zazzaɓi mai zuwa yana komawa, da zufa cikin dare, da ciwon baya da gaɓoɓi, wani lokaci da kumburin maraina. Saboda kamarsa da zazzaɓin cizon sauro da na taifot, mutum yana iya shafe watanni yana shan maganin da ba nasa ba, alhali maganinsa na gaskiya haɗin magunguna biyu ne da ake sha har mako shida. Hasarar tattalin arziki kuwa ba sai an faɗa ba. Saniyar da ta yi ɓari ta tafi da ɗan maraƙin shekara da nonon shekara, kuma a ƙasar gudalin Sakkwato da jar akuya wadda fatarta ta yi suna har Turai, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne a gidan talaka.

Yanzu mu juya ga ɗayan ciwon, wanda muka haddace kusurwarsa. Ƙugun kare, kamar na mutum, ya ƙunshi kan ƙashin cinya mai kama da ƙwallo wanda yake zaune daram cikin gurbinsa a ƙashin ƙugu. A wasu karnuka, tun suna ƙwiyakwiyi, mahaɗar takan yi sako-sako, gurbin bai yi zurfi ba, ƙwallon yana ta zamewa yana gugar gefe, har guringuntsi ya cinye, sanyin ƙashi ya shiga, kare ya rinƙa ɗingishi yana shan wuyar tashi. Gerry Schnelle ne ya fara bayyana wannan ciwo a Amurka a 1935. Gado ne ke kawo shi, amma ƙiba da saurin girma suna tsananta shi, shi ya sa ya fi yawa a manyan karnuka masu nauyi irin su Alseshan da Rotwaila, yake kuma da ƙaranci a siraran karnukan gudu. An yi wani sanannen gwaji a Amurka da karnuka 48 na jinsin Labarado, aka rage wa rabinsu abinci da kashi 25 cikin 100, sai aka ga ciwon ƙugu ya yi ƙaranci a cikinsu, kuma sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara biyu.

Tiyatar wannan ciwo iri-iri ce. In kare yana ƙarami, ana iya yanka ƙashin ƙugu a juya gurbin domin ya rufe ƙwallon da kyau, a ɗaure da farantin ƙarfe. In abin ya yi nisa, ana iya yanke kan ƙashin cinya a jefar, nama da jijiya su haɗu su yi wata mahaɗa ta wucin gadi, zafi ya ragu, wannan kuwa ya fi yi wa kare marar nauyi kyau. Mafi tsada shi ne a cire mahaɗar gaba ɗaya a sa ta ƙarfe da roba, kamar yadda ake yi wa mutane, aikin da a Amurka yake cin dubban daloli a kan ƙugu ɗaya. Abin lura a nan shi ne, su kansu Turawan da suka ƙware a wannan aiki sun gane tun da wuri cewa wuƙa ba ta yanke gado. Tun 1966 aka kafa wata gidauniya a Amurka mai duba hoton ƙugun kare in ya cika shekara biyu, ta ba da shaida, domin kada a bar mai ciwon ya haifar da irinsa.

Ra'ayinmu dai shi ne, mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata mun bar zuciyarmu ta karkata ga karen da mai shi ke da kuɗi, mun manta da karen da ciwonsa ke da haɗari ga jama'a. Littattafan da muke karantawa galibi an rubuta su a ƙasashen da suka daɗe da shawo kan bakkale da haukan kare, saboda haka ba laifinsu ba ne in sun cika shafuka da ƙugun Alseshan. Laifinmu ne in muka ɗauki jerin damuwarsu muka mai da shi namu ba tare da tacewa ba. Ku saurari hirarmu a ɗakin kwana in an kusa gama karatu. Kowa burinsa ya buɗe ɗan asibitin karnuka a Abuja ko Legas ko Kaduna, inda mai gida zai zo da mota ya biya ba ciniki. Wanda aka tura Kebbe ko Tambuwal kuwa sai a rinƙa yi masa jaje, shi ma tun kafin ya kwance jaka ya fara neman wanda zai sa baki a mai da shi hedkwata. Shekara shida ake yi ana karatun likitan dabbobi, mafi yawan nauyin kuwa dukiyar jama'a ce ta ɗauka, wadda makiyayin Kuchi da manomin Girkau da maharbin Fakku suke da haƙƙi a cikinta daidai da na kowa.

Mun san za a kawo mana suka, kuma ya kamata mu amsa da gaskiya. Wani zai ce kare ƙazanta ne, bai dace Musulmi ya ɓata lokaci a kansa ba. Malamanmu sun fi mu sani, amma abin da muka koya a zaure shi ne, a mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba mai rai tana da tsarki har da kare, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai umarni ne da ake bi don ibada. Hadisi ya yi rangwame a kan karen farauta da na kiwo da na tsaron gona, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo bisa sharuɗɗa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda shari'a ta yarda ya ajiye dabba don amfaninsa, ta kuma ɗora masa kula da ita. Ba muna kira a shigo da kare ɗaki ko a kwanta da shi ba. Muna cewa ne karen da ke tsare garke kada ya zama shi ne mai raba wa garken ciwo.

Wani kuma zai ce, mutane ba su samu asibiti ba, sai kare? Wannan magana tana da nauyi, domin mun ga yadda mace mai naƙuda ke shan wuya a waɗannan ƙauyuka kafin a kai ta inda likita yake. Amma mai wannan suka ya ɗauka lafiyar mutum da ta dabba abu biyu ne masu takarar kuɗi ɗaya, alhali kuwa a ƙauye tukunya ɗaya suke ci. Dubi haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana, kusan babu mai tsira. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan yanke. Allurar kare ɗaya ta fi allurar mutumin da aka ciza arha nesa ba kusa ba. Saboda haka likitan da ya yi wa karnukan Fakku allura, yaran Fakku ya tsare. Haka nan wanda ya hana bakkale yaɗuwa a ruga, ya rage wa asibitin mutane layin masu zazzaɓin da ba ya jin magani.

Na uku zai ce, ashe kuna so a ba mu rabin ilmi ke nan, a mai da mu 'yan allurar ƙauye? A'a. Muna so mu iya tiyatar ƙugu kamar kowane likita a duniya. 'Yan sanda da ma'aikatan kwastan da masu yaƙi da fataucin ƙwaya suna aiki da manyan karnukan waje, kuma suna bukatar mai duba su. Har ila yau, karen farauta da babur ya buge ko gadu ya ture ƙugunsa ya goce, aikin yanke kan ƙashin cinya zai iya mai da shi daji, kuma aiki ne da ba ya bukatar ƙarfen waje. Hannun da ya iya wannan shi ne zai iya cire mahaifar da ta ruɓe. Abin da muke ja a kai shi ne tsarin fifiko, da kuma inda za a kai hannun bayan ya ƙware.

Tarihi ma yana gefenmu. Aikin likitancin dabbobi a Arewa ya kafu ne a kan ciwon garken talaka. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana nan tun 1924, kuma tana cikin aikinta yin allurar rigakafin bakkale ta shanu da ta haukan kare. Kakanninmu suna tuna Baturen Shanu da malaman dabbobi masu bin ruga-ruga. A 1962 aka soma babban gangamin haɗin gwiwa na yaƙi da bushiya a yankin tafkin Chadi, har da Nijeriya da Nijar. Da aka yi sakaci ta dawo a 1983 ta yi ɓarna mai yawa, aka sake ɗaura ɗamara, har a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Masu sirinji da akwatin ƙanƙara a bayan keke da babur su ne suka ci wannan yaƙi. An buɗe sashen koyar da likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1964, aka buɗe na Jami'ar Sakkwato, wadda yanzu ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a tsakiyar shekarun 1980, domin yankin kiwo ya samu 'ya'yansa masu ilmi. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Gine-gine da dokoki suna nan. Saura masu zuwa daji.

Ga abin da muke ganin ya kamata a yi, kuma babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfinmu. Na farko, mu ɗalibai. Duk mai neman abin da zai yi binciken shekarar ƙarshe a kai, ya duba kudancin Sakkwato. Akwai gwajin jini mai sauƙi da ake kira Rose Bengal, wanda ake yi da ɗigon ruwan jini a kan farin faranti, sakamako ya fito cikin minti huɗu, yana nuna bakkalen shanu da awaki da tumaki, ko da yake nau'in karnuka yana bukatar nasa gwajin dabam. Ƙungiyar ɗalibai tana iya shirya fita sau ɗaya kowane rani ƙarƙashin kulawar malamanmu, a yi wa karnuka allurar hauka, a cire mahaifar waɗanda masu su ba sa son su ƙara haihuwa, a ɗebi jinin shanu. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, maimakon lacca a zauren taro sai mu yi ta a ƙofar fadar hakimi. Kada kuwa a shiga gari sai ta ƙofa, watau ta hannun hakimi da dagaci da ardo da Sarkin Baka, domin maharbi ba ya miƙa karensa ga wanda shugabansa bai yarda da shi ba. A kuma nemi shawarar hukuma a kan tsaro kafin a tashi, tun da 'yan bindiga sun addabi dazuzzukan wannan yanki a 'yan shekarun nan.

Na biyu, yayyenmu da ke ofis, musamman masu tsara kasafin kuɗi a jiha da ƙananan hukumomi. Abin da zai ceci irin karyar nan bai wuce ɗaki ɗaya mai tsabta ba, da tebur, da tukunyar dafa kayan aiki, da kayan fiɗa saiti biyu, da firiji mai aiki da hasken rana don ajiye allurai, da babur mai lafiya. Wannan ɗaki ɗaya zai yi wa akuyar da haihuwa ta gagara aiki, ya yi wa ragon da fitsari ya tsaya wa aiki. In takarda ta zo teburinku ana neman a soke wannan layi don a ƙara wa kuɗin tafiye-tafiye, ku tuna da wanda ya aiko ku. Na uku, 'yan'uwanmu masu karatun likitancin mutane da na jinya. In mai zazzaɓi ya dawo sau biyu sau uku maganin sauro bai yi masa ba, ku tambaye shi ko yana kiwo, ko an yi ɓari a garkensa, ko yana shan ɗanyar madara. Tambaya uku ce ba ta cin ko kwabo.

Na huɗu, saƙon da kowanenmu zai kai gida in ya je hutu, ko da Larabci ko lissafi yake karantawa. Abin da dabba ta ɓarar, da mabiyiyarsa, a haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙone, kada a jefa wa kare. Mai taimakon dabba wajen haihuwa ya sa hannunsa cikin leda, ya wanke da sabulu bayan ya gama. A tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita, domin tsami kaɗai ba ya ba da tabbacin mutuwar ƙwayar. Karyar da ta yi ɓari a ware ta, kada yara su taɓa abin da ya fito. A daina yi wa karnuka allurar hana ciki ta kasuwa. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sa'an nan ya nufi asibiti a ranar. Na biyar, masu kiwon karnukan waje a birane don sayarwa. Ku ɗauki hoton ƙugun uwa da uba kafin ku haɗa su, ku daina cusa wa ƙwikwiyo abinci don ya yi girman burge mai saye. Wanda ya san karensa na da ciwon gado ya ci gaba da sayar da 'ya'yansa, ha'inci ya yi, ko da kare ne hajar.

Da za mu bar Fakku, mun koma mun yi wa dattijon nan sallama. Yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ɗamarar farauta, karyar kuwa tana nan kwance inda muka bar ta. Bai yi mana ƙorafi ba ko kaɗan. Ya sa mana albarka, ya ce, "Allah shi ba ku sa'ar karatu, 'ya'yana. In kun ƙare, ku tuna da mu nan." Muka ce, "In Allah ya yarda, Baba." Alkawari ne muka ɗauka a gaban dattijo, kuma mun rubuta shi a nan ne domin ku zama shaida a kanmu, mu ma mu zama shaida a kanku, ranar da takardun tura ma'aikata za su fito a ga wanda zai karɓi Kebbe da hannu biyu da wanda zai fara neman hanyar komawa birni.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu ikon kai shi inda ake bukatarsa. Wassalam.